Ranar da Motar Baba Ta Ƙi Yin Shiru

Ko na manta da ranar haihuwata, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shiga harabar cocinmu da ke Samaru da motar babanmu ba, ina ɗaga wa jama'a hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Har yau idan tsohon injin gas ya wuce ni a titi, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san irin mutumin da abin ya faɗa wa. Ni ne auta a gidanmu, kuma sana'ata baki ce. Emsi nake yi, wato mai gabatar da taro, a wajen biki da suna da taron coci. Allah ya ba ni murya irin wadda ba ta jiran lasifika, ya kuma ba ni hannaye biyu da ba su taɓa ɗaure ko noti ɗaya ya zauna daidai ba. Kowa a gidanmu ya san haka. Ni kaɗai ne labarin bai iso wa ba.

Babanmu direba ne tun yana saurayi. Yana da wata tsohuwar akori-kura mai dogon hanci da bodin katako, wadda ya raɗa wa suna Talatu saboda ranar Talata ya saye ta. Talatu ta ɗauko masara daga ƙauyukan bayan Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari, ta kai kayan amare, ta kai gawa gida, ta yi jigilar bencinan coci ba adadi. Da ita aka ciyar da mu. Sai idanun Baba suka fara dusashewa, a hankali har suka rufe gaba ɗaya. Aka faka Talatu a bayan gida, tayoyinta suka lotse, kaji suka mayar da kujerarta wurin ƙwai. Kullum da yamma Baba zai lallaba ya je ya zauna kusa da ita, ya jingina da ƙofarta yana sauraron rediyo.

Wata rana da kansa ya ce a kira 'yan gwangwan su ɗauke ta, wai ya gaji da jin tana ruɓewa a ƙarƙashin hannunsa. Aka zo aka ja ta. Tun daga ranar Baba bai sake zagayawa bayan gida ba, maganarsa ma ta ragu. Abin da bai sani ba shi ne, ba 'yan gwangwan ne suka ja ta ba. Yayarmu Rifkatu ce.

Yaya Rifkatu ita ce babba a cikinmu, kuma makanikiya ce mai garejinta a Chikaji. A gindin Talatu ta koyi aikin, tun tana miƙa wa Baba sifana. Mace ce marar yawan magana (duk rabonta na surutu ni aka ba), amma idan ta kara kunne jikin inji sai ka ga fuskarta ta canza, kamar mai sauraron yaro yana ba da labari. Ban taɓa ganin mutumin da ya san abin da yake yi irinta ba, kuma ina faɗin haka ne duk da cewa ita ce mutumin da ta fi kowa ranƙwashina a duniya.

Da ta buɗe Talatu, ta tarar tsohon injin fetur ɗin ya tsage, ba ya gyaruwa. Ta zaga duk shagunan kayan mota na Sabon Gari, ta je har Kaduna, babu irinsa. Daga ƙarshe wani mai sayar da injina, Oga Nnamdi, ya kai ta bayan shagonsa ya yaye wani tamfol. Tsohon injin gas ne, wato dizal, da aka ciro daga wata bas.

“Madam, wannan inji ba ya san gajiya,” in ji shi. “E strong well well. Amma ba zai shiga motanki ba fa.”

“Zai shiga,” in ji Yaya.

Ya kuwa shiga, amma sai da aka sha fama. Ta yanke ƙafafun da tsohon injin ke zaune a kai, ta auna, ta yi waldar sababbi da hannunta. Giyabos ya ƙi haɗuwa da injin, ta kai wa masu sassaƙa ƙarfe suka fitar mata da faranti mai kauri da ya haɗa su. Injin gas ya fi nauyi, don haka ta ƙara wa sifirin gaba ganye. Ta sa babban lagireto mai sanyaya inji, ta wanke tanki har sai da ya daina warin fetur. Batirin da injin ke buƙata bai samu wuri a gaba ba, sai ta ƙera masa akwati a bayan kan motar. Kafinta ya buga sabon bodi da katako mai kyau, mai fenti ya mayar mata da korenta na asali, aka ɗinka sabuwar rigar kujera. Ranar da aka fara tayar da injin, masu garejin makwabta duk sun taru suna tafi, Oga Nnamdi ya cire hularsa ya ce shi dai ya sallama.

Ita kuwa Yaya ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana sauraron injin yana ta bugawa, gwaf-gwaf-gwaf, sai ta ja ni gefe.

“Auta, ka ji muryarta?”

“Na ji, Yaya. Kamar zaki!”

“Shi ne damuwata. Talatu ba haka take magana ba. Baba tun daga bakin titi yake gane ta da kunne, yanzu kuma kunnen kaɗai ya rage masa. Idan ya ji ya ce ba ita ba ce fa?”

Ban taɓa ganin tsoro a idon Yaya ba sai ranar. Ta ce in Baba ya ƙi motar, to ta ɗauke masa Talatu sau biyu ke nan. Shi ya sa ta tsara komai a tsanake. Za a yi taron godiya ga Allah saboda rayuwar Baba a harabar coci. Bayan an gama addu'a an ci abinci, za ta kawo motar ta kashe ta a bakin ƙofa, a turo ta shiru har gabansa. Sai ya taɓa ta da hannunsa, ya gane ta, sannan ta yi masa bayani, sannan a tayar. Hannu tukuna, kunne daga baya. Haka ta ce.

To, ku tambaye ni mene ne nawa a cikin duk wannan aikin. Nakan je garejin lokaci-lokaci, in kai mata ruwan sanyi, in ari sifana in shafa baƙin mai a goshi, a ɗauke ni hoto ina leƙen cikin inji. Hotunan nan babu wanda bai gan su ba a wayata. Da farko cewa nake yi “Yaya tana gyara motar Baba.” Sai ya koma “muna gyarawa.” Kafin a je ko'ina ya zama “ai sai da na ce mata a sa injin gas.” Matasan coci suka fara kirana Injiniya, ni kuma ina amsawa (Allah ya yafe mini, har wani dattijo na ba shawara a kan motarsa da ke zafi). Da bakina duk cocin suka san sirrin, in ban da Baba, shi ma don mutane sun fi ni kirki ne.

Ranar taron ni ne emsi, cikin farar shadda sabuwa fil. Na buɗe taro, na sa jama'a dariya, na miƙa wa Fasto makirufo. Fastonmu bawan Allah ne, amma idan ya fara wa'azi za ka iya zuwa kasuwa ka dawo. Ina zaune sai wani tunani ya faɗo mini. Me zai sa a turo mota kamar gawa? Ai kamata ya yi ta shigo da ƙafarta, da hon, da guɗa, kuma wanda zai shigo da ita ya zama mutumin da ya iya shiga taro. Na sulale ta bayan rumfa, na tari acaɓa sai Chikaji.

Maigadin garejin ya san ni, bai yi musu ba. Makulli na rataye a ƙusa. Na murɗa, Talatu ta tashi bugu ɗaya, duk jikinta na rawa. Gaskiya tuƙin nan ya yi daɗi. A gadar Kwangila masu acaɓa suna bi na suna ɗaga babban yatsa, wani direban tirela ya danna mini hon, wani dattijo a bakin hanya ya miƙe tsaye yana bin motar da kallo. Na fito da gwiwar hannu ta taga ina gyaɗa kai. Ashe a daidai lokacin Yaya tana kan wani acaɓan, ta nufi Chikaji ɗauko mota. Mun yi saɓani a hanya, ban gan ta ba, ita ma wata tirela ta kare mata ni.

Na iso coci ina zaton an fara cin abinci. Na danna hon, na kutsa kai ta ƙofa, na tsaya cak a gaban rumfar manyan baƙi. Sai a lokacin na lura kowa kansa a sunkuye yake. Fasto yana tsakiyar addu'a, hannunsa a kan Baba.

Na ce ba komai, bari in kashe da sauri. Na murɗa makulli baya.

Gwaf-gwaf-gwaf.

Na sake murɗawa. Na zare makullin gaba ɗaya, na riƙe shi a hannuna ina kallonsa. Injin ko a jikinsa. (Daga baya na koyi cewa irin wannan tsohon injin gas ba ruwansa da wuta, sai an datse masa mai yake tsayawa. Duk makanike ya san wannan. Injiniya ne kawai bai sani ba.)

Fasto ya ɗaga murya, Talatu ta fi shi. Ya ƙara ɗagawa, hayaƙi ya fara shiga rumfar matan zumunta, suka soma tari cikin anko ɗinsu. Ya yanke addu'ar da wani “Amin” na gaggawa, jama'a suka buɗe ido, duk suka sauke su a kaina. Na fito ina murmushi, na ɗaga makullin sama don su ga ba laifina ba ne. Wannan ya ƙara ɓata lamarin, don wata tsohuwa, Mama Saratu, tana ganin makulli a hannuna mota kuma tana aiki ta dafe ƙirji ta ce, “Yesu! Wa ke ciki?”

Nan fa masu ba da shawara suka yi caa a kaina. “Injiniya, buɗe gaba mana!” Na je buɗewa, na tarar Yaya ta sa wa bonet kwaɗo saboda ɓarayi, ɗan makullin kuma yana jakarta. Wani ya ce a cire kan batir. Muka zaga baya, aka cire. Talatu ta ci gaba da bugawa kamar ba da ita ake ba, Mama Saratu kuwa ta fara waƙar korar aljanu. Wani kuma ya ce in sa giya in saki kuloci, za ta mutu. Na shiga na yi yadda ya ce, sai dai na manta ban taka birki ba. Motar ta yi tsalle ta nufi teburin abinci, mata suka watse da kulolin shinkafa a hannu. Da ƙyar na tsayar da ita, hancinta na shinshinar tukunyar miya.

A cikin wannan hargitsin na ji muryar Baba.

“Motar wane ne wannan ke hana mu addu'a?”

Kowa ya yi tsit, in ban da injin. Mamanmu ta sunkuya ta yi masa magana a kunne. Na ga Baba ya ɗago kai, ya karkata kunne wajen motar, ya daɗe yana saurare. Sai ya girgiza kai.

“A'a. Wannan ba Talatu ba ce. Ku daina yi mini wasa da hankali.”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Abin da Yaya ta yi ta gudu ke nan, ni kuma na ɗauko shi na kawo har gaban Baba da hon. Kunyar jama'a daban, wannan kuma daban, don wannan a ƙirji na ji shi.

Wayata ta hau ruri a aljihu. Yaya ce. Na juya wa motar baya, na toshe kunne ɗaya da yatsa. Da ƙyar nake tsinto maganarta: tana garejin, babu mota, maigadi ya ce ni na ɗauka. Na ce ta ƙi mutuwa, yaya ake kashe ta? Tana ta faɗin wani abu, ƙarar injin na cinye shi. Na ce ban ji ba. Ta sake faɗi. Na ce ban ji ba! Ban san cewa a bayana Baba ya sa Mamanmu ta kama hannunsa ta kawo shi jikin motar ba. Na cika huhuna da iska, na saki duk muryar da Allah ya ba ni, daidai lokacin da injin ya yi ɗif.

“YAYA, KI YI MINI DALLA-DALLA! KIN SAN BAN SAN KOMAI A MOTA BA, KO TAYA BAN TAƁA CANZAWA BA, HOTO KAWAI NAKE ZUWA ƊAUKA!”

Ina jin har masu sayar da rake a bakin titi sun ji. Maganar ta daki bangon coci ta dawo mini. Babu inji, babu waƙa, babu tari. Can sai wani daga cikin matasa ya ce a hankali, “Sannu da aiki, Injiniya.” Wurin ya fashe. Matan zumunta suna riƙe ciki, dattijon da na ba shawara a kan motarsa yana nuna ni da sanda, Fasto da kansa ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Na waiwaya. Baba ne zaune a kujerar direba. Hannunsa na hagu a kan sitiyari, na dama kuma riƙe da wani ɗan baƙin maɓalli a tsakiyar gaban motar, wanda ya jawo waje. Shi kaɗai ne ba ya dariya. Ya saki maɓallin, ya shafa sitiyarin a hankali har ya zagaye shi, ya laluba sandar giya, ya kai hannu sama ya taɓa madubi. Aka ce ya sauko ya ci abinci, ya ce ba inda za shi sai wadda ta yi aikin nan ta zo.

Haka muka yi ta jira. Ni dai na samu kujera a bayan rumfa na zauna da baƙin mai a gaban shaddata, na farko da na samu ta hanyar halal. Duk wanda ya wuce sai ya tambaye ni ko zan duba masa mota.

Da Yaya ta sauko daga acaɓa, ɗankwalinta a hannu, ko kallona ba ta yi ba. Ta je ta durƙusa a bakin ƙofar motar.

“Baba, ka yi haƙuri. Ba haka na shirya ba.”

“Rifkatu, ina injina?”

“Ya tsage, Baba. Na nema ko'ina ban samu irinsa ba. Na gas na sa mata.”

Baba ya sake shafa sitiyarin.

“Sitiyarin nan nawa ne,” in ji Baba. “Ga inda babban yatsana ya cinye shi. Amma gaya mini, na ji injin na kakkarwa kamar mai jin sanyi, na ja cok don in taimake shi, sai ya mutu. Tun da nake ban taɓa ganin cok ya kashe mota ba.”

“Injin gas ba ya amfani da cok, Baba. Sai na ɗaura wayar datse mai a jikinsa. Da makulli ake tayarwa, da shi ake kashewa.”

“To me ya sa ba ki sa shi kusa da makulli ba, inda direba zai samu da sauƙi?”

Yaya ta goge ido da bakin zaninta.

“Don daga kujerar gefe ma hannunka zai kai. Ni zan riƙa tuƙawa, Baba. Amma duk inda muka je, ba za ta yi shiru ba sai ka ce mun iso.”

Baba ya matsa a hankali ya koma kujerar gefe, ya daki gaban motar da tafin hannu sau biyu.

“A mayar da batir,” ya ce. “Tayar da ita in sake jin muryar. Ni ma ai tawa ta canza, ba ku kai ni wa 'yan gwangwan ba.”

Aka tayar. Matan zumunta suka rangaɗa guɗa, Mamanmu tana kuka tana dariya. Baba ya ce a kai shi kasuwar Sabon Gari a dawo, yanzu-yanzu, abinci ya jira. Na matso zan shiga gaba, ya ji takuna.

“Wane ne? Mai hoto? Hau baya, ka riƙe wa mamanka kujera.”

A baya na tafi, a tsaye, da shaddata mai tabo, duk Samaru na kallona. Ta ƙaramin gilashin baya ina hango kan Baba a jingine, hannunsa ajiye kusa da maɓallin, yana gaya wa Yaya inda za ta canza giya.

Yanzu kusan kullum da yamma suna fita zagaye, kuma har yau Baba ne ke kashe ta. Sunan Mai Hoto ya bi ni, har a katin gayyata an taɓa rubuta shi. Abin da na koya kuwa bai da yawa: kafin in tayar da abu, ko mota ko magana, nakan fara tambayar yadda ake kashe shi. Na motar na iya. Na bakin ne har yanzu Yaya take neman inda za ta ɗaura masa waya.